Malam Sabo da Saitin da Ya Tafi da Shi

Ina cikin yi wa wata mata rajista aka kira ni a waya, aka ce Malam Sabo ya cika a gidansa na Gumel, bayan zazzaɓin da duk muka raina. Na ajiye wayar, na kasa ƙarasa rubuta sunan matar. Na Allah ne mu, gare shi kuma za mu koma.

Shi ke kula da saba a ɗan asibitinmu na Maigatari, wato babbar kwamfutar da ke riƙe da bayanan kowane marar lafiya: ciwonsa, da maganin da ya karɓe shi, da wanda jikinsa ya ƙi. Mutum ne marar gaggawa, har mukan tsokane shi cewa ko shayi sai ya bincika kafin ya kurɓa. Kowace safiya yakan buɗe saitin da sabar ke aiki da shi, ya bi shi layi-layi. Yakan ce, "Abin da aka rubuta mata daban, abin da take yi yanzu daban. Na yanzu ake dubawa."

Shi ya koya mini umarnin da ake bugawa saitin ya fito. Da na ce ya nuna mini yadda ake canzawa, sai ya yi murmushi: "Malama Rabi, ido tukuna. Hannu sai ido ya ƙoshi."

Ashe gyare-gyaren da ya yi don sabar ta iya da cunkoson ranar kasuwa, tana kunne ya yi su, bai adana su ba, da zarar an kashe ta kuwa sun ɓace. Ba ya adana abin da bai gama gwadawa ba, ga shi sola ba ta taɓa yanke mana ba.

Ranar addu'ar uku duka muka tafi Gumel. Baba Ilu mai gadi ya shiga ofishin marigayi, ya ga fitilu na ƙyaftawa, ya kashe komai, har da sabar. Da muka dawo na tambaye shi, ya ce, "'Yata, mai ɗaki ya tafi, wa za a bar wa wuta?" Yana faɗa yana hawaye.

Muka kunna, na buga umarnin, saiti ya fito, amma wanda aka sayo ta da shi ne. Idona ya gane ba na Malam ba ne, sai dai bai riƙe nasa ba. Ranar Alhamis, ranar kasuwarmu, sabar ta tsaya tun hantsi. Wani dattijo mai ciwon suga da aka ɗauko a babur daga Sule Tankarkar ya zauna har la'asar, likita ya ƙi rubuta masa magani da ka, ya koma haka nan. Masanin da muka kira daga Kano ya ce sai ya samu sarari. Ni dai gaskiya na fid da rai.

Allah ya jiƙan Malam Sabo, ya yafe masa kurakuransa, ya haskaka kabarinsa. Allah ya ba iyalinsa haƙuri, ya raya marayun da ya bari. Mu kuma da marasa lafiyarmu, Allah ya dube mu, gobe Alhamis ce.