Waƙar Banɗakin Kasuwa

Shekara bakwai na yi ina sayar da daddawa a kasuwar garinmu, can ƙasar Roni, kuma duk ranar kasuwa ba na shan ruwa tun hantsi har la'asar. Ba ni kaɗai ba. Kasuwar ba ta da banɗakin mata. Maza su zagaya bayan dutse, mu kuwa sai dai mu matse, ko mu shiga gidajen mutane roƙon arziki. Masu juna biyu sun fi kowa shan wuya.

Sau uku muna zuwa wajen sarkin kasuwa, mu durƙusa mu faɗa masa, ya ce za a duba.

Goggona, ƙanwar babanmu, mai kiɗan ƙwarya ce a gidajen biki, ranar kasuwa kuma tana tuyar ƙosai kusa da ni. Da muka dawo daga zuwa na uku ta ce ta gama durƙuso, waƙa za ta yi, ni ce 'yar amshi. A waƙar ta jero mu kaf, mai daddawa, mai ƙuli, mai nono, mai kuka, da abin da kowacce ke sawa a tukunyar gari. Amshin kuwa: da mu kasuwa ke ci, ina za mu zagaya?

Na ce mata ina tsoron a ce mun yi rashin kunya.

Ta ce, "Masu cin ƙosaina ba su ji kunya ba, 'yar nan. Riƙe amshinki."

Da aka yi haihuwa a gidan sarkin kasuwar, aka kira goggo ranar suna. Ta kifa ƙwarya a ruwa ta fara. Mata suka yi dariya, sannan suka karɓe amshin daga bakina. Mahaifiyar sarkin kasuwar, tsohuwar da ta tsufa tana sayar da fura a kasuwar nan, ta sa aka maimaita, ta kuma aika a kira mata ɗanta ya tsaya a bakin zaure ya ji.

Ya saurara, ya koma wajen baƙinsa. Amma waƙar ta shiga gari, har a bakin rijiya ana yin ta. Bayan girbi aka auna wuri a gabashin kasuwa, maza suka haƙa rami, mu muka kawo zana.

Goggo ba ta ajiye ƙwarya ba. Ta ƙara baiti a kan masu nono da ke wuni cikin rana babu rumfa. Wannan sai da muka shekara biyu muna rerawa kafin a kafa musu.