Ranar da Hidde Ya Ja Labule

Shekara talatin da huɗu Hidde Wielinga ya yi yana ɗaga wa jiragen ruwa gada a ƙauyenmu, amma ko kwale-kwale bai taɓa tuƙawa ba. Aikinsa ya zauna a ɗan ɗakinsa na bakin kogi, in jirgi ya taho ya tsayar da motoci da masu kekuna, ya danna maɓalli, gada ta miƙe tsaye, jirgi ya wuce. Masu dakon yashi, Jamusawa masu hutu, attajirai da karnukansu, kowa ta gabansa yake bi ya nufi teku. Shi kuwa sai ɗaga hannu. Ƙarfe goma sha biyu daidai ya kulle gada, ya buɗe burodinsa da cuku, ko sarki ne ya zo sai ya jira ƙarfe ɗaya.

Wannan hutun ne ya haɗa shi faɗa da Wobbe, maƙwabcinsa na tsallaken titi. Wata rana Wobbe ya iso da ɗan jirginsa na kamun kifi, ya rantse sha biyu saura minti biyu. Hidde ya ce ta wuce da minti ɗaya. Ya fito da kujera waje, ya ci burodin nan a gabansa loma-loma har awa guda. Shekara shida ke nan ko sannu ba ta shiga tsakaninsu ba, duk da matansu kullum suna tare.

Da aka mayar da gadar mai ɗaga kanta, aka ba Hidde fure da kek aka sallame shi. Matarsa Renske, wadda ta saba gida nata ne daga safe har ƙarfe biyar, sai ta wayi gari da mutum a ko'ina. Ta juya za ta ɗauki tukunya, ga shi. Ya sake jera mata cokula bisa tsawonsu. Har shawara ya fara ba ta kan goge taga, matar da tagar falonta ce abin alfaharinta a duniya: faffaɗa, tas kamar babu gilashi, da tukwanen fure uku a jere. Kamar kowane gidan mutunci a layin, mai wucewa ya ga teburinku, ya ga abin da kuke ci, ya san ba ku ɓoye komai. Sau biyu kacal aka taɓa jan labulen gidan da rana: ranar da uwar Renske ta rasu, da ranar da uban Hidde ya bi ta.

Ana haka sai wata Asabar, yana jiran Renske ta gama zaɓen takalmi a garin Sneek, ya ga laftof a tagar wani shago. A fuskar laftof ɗin wani ƙaton jirgin kaya ne ke kokawa da teku, ruwa na hawa kansa yana sauka. Hidde ya tsaya baki buɗe har aka zo aka ja shi. Bayan kwana uku mai kawo saƙo ya sauke kwali a ƙofar gida, don ta intanet ya yi oda, a ɓoye.

Ba laftof ba ce irin ta rubuta wa hukuma wasiƙa. Baƙa ce wuluk, nauyinta kamar jariri, cajarta kaɗai ta kai bulo. Madannanta suna canza launi, ja, kore, shuɗi, kamar gidan rawa. In wasa ya yi zafi fankokinta su ɗauki kuka, kyanwar gidan ta zo ta kwanta inda iska mai ɗumi ke fitowa.

"Wannan ai ta samari ce masu harbin juna," in ji Renske. "Kai shekararka sittin da bakwai."

"Hoto ɗari biyu da arba'in take nunawa a daƙiƙa ɗaya, Renske."

"Kai da tabaran nan naka guda nawa kake gani a ciki?"

Renske kuwa ta san doka fiye da addu'ar cin abinci: abin da aka saya ta intanet, kwana goma sha huɗu ake da su a mayar da shi. Ta ɗora kwalin a kan kabad, ta shiga bayi inda kalandar ranakun haihuwar dangi take rataye, ta zagaye rana ta goma sha huɗu da jan biro.

"Ka ji ni da kyau, tsoho. In ta jawo min magana a layin nan, ko kalma ɗaya ce, kwali."

Hidde ya amince. A ransa ya ce wace magana na'ura za ta jawo tana zaune a kan tebur?

Kwana goma ya yi yana nutsar da jirage a wasan tuƙin da ke cikin laftof. Ya nutsar da mai dakon mai, ya nutsar da mai dakon ayaba, ya taɓa kifar da na fasinja tun bai bar tasha ba. Bai damu ba. Abu ɗaya ne ke ci masa rai. Gilashin fuskar laftof ɗin sheƙi gare shi kamar madubi, teburin kuma yana daidai tagar Renske. Kicin an hana shi, a sama intanet ba ta kai. To, a maimakon teku sai ya riƙa ganin sanƙon kansa, da tukwanen fure uku, da Wobbe can tsallake yana aske shinge. Mai shago ya ce baƙin wannan gilashi baƙi ne na gaske, irin wanda babu a talabijin. Hidde bai taɓa ganinsa ba. Wobbe kawai yake gani.

"Renske, ko rabin labule ne…"

"Wa ya mutu?"

Magana ta ƙare a nan.

Rana ta goma sha uku Renske ta hau bas ɗin ƙarfe tara za ta wurin yayarta a Sneek. Kamar da gangan, rana, wadda muka yi wata guda ba mu gani ba, ta fito tarwai, ta sauka a kan gilashin. Hidde na da jirgin kaya da zai shigar tasha cikin guguwa, ga shi ko hancin jirgin ba ya gani. Ya leƙa titi hagu, ya leƙa dama. Babu kowa. Awa ɗaya kawai, in ji shi. Ya ja labule, ya ɗora lasifikar kunne.

Sai ga teku. Baƙin nan da ake faɗa ya bayyana, har ba ka sanin inda gilashi ya ƙare ɗaki ya fara. Yana iya ƙirga ɗigon ruwa a jikin tagar matuƙi. Fitilun tasha suna rawa a kan igiyar ruwa, babu tsayawa, babu ƙyafta, sumul kamar ana zuba mai. Can gaba ga wata gada ta miƙe tsaye, shi ake ɗaga wa. Hidde ya manta da agogo, abin da bai taɓa yi ba a rayuwarsa.

Abin da bai sani ba, Geeske matar Wobbe ta fito zubar da shara ta ga labulen. Ta tsaya da bokiti a hannu. Da idonta ta ga Renske ta hau bas lafiya lau, mutum biyu ne kuma a gidan.

"Wobbe, Hidde ya tafi."

Wobbe ya fito ya duba. "To in shi kaɗai ne a gida, wa ya ja labulen?"

"Kai ma ka san shi da bin ƙa'ida. Ya ji abin ya taho, ya tashi ya ja, ya koma ya zauna."

Wobbe ya ga maganar ta yi kama da Hidde. Suka danna ƙararrawar ƙofa, shiru. Suka buga waya, tana ta kuka a ciki babu mai ɗauka. Geeske ta kira gidan yayar Renske ta ce ta taho yanzu, an ja labule. Kafin rabin awa mutanen gidan da ke kan kwanar layi sun sassauto da tuta alamar makoki, mata biyu sun kunna murhu za su gasa kek ɗin masu ta'aziyya, mai kaɗa ƙararrawar coci yana tsaye da mabuɗi yana jiran umarni. Umarnin kuwa daga maƙwabci mafi kusa yake fitowa, shi zai fara shiga ya gani, ana shiri ko ba a shiri. Wobbe ya saka baƙar kwat ɗin da ta matse shi, Geeske ta ɗauko mabuɗin da Renske ke ajiyewa a wurinta.

Hidde na dab da shigar da jirgi, numfashi ma ya riƙe, idanu a kafe, sai ya ji yatsu biyu masu sanyi sun sauko masa a fatar ido suna rufewa. Ya zabura, kujera ta kife, kyanwa ta haye kabad. A gilashi jirgin ya tafi kai tsaye ya rungumi bangon tasha.

Ya fizge lasifikar. Ga Wobbe cikin kwat, hula a hannu, ido jawur. Ga Geeske a bayansa.

"Me kake nema a falona?"

"Kai me kake yi da rai?" in ji Wobbe.

"Faɗa masa abin da ka gama faɗa yanzu," in ji Geeske.

"Ba da shi nake ba. Da gawa nake."

"Cewa ya yi ranar nan sha biyu ta wuce da minti ɗaya, shi ma ya gani a agogonsa," in ji Geeske. "Har da hawaye."

Hidde ya buɗe baki zai yi dariyar da ya shekara shida yana tanadi, sai ya ji tsayuwar mota. Renske ce a tasi, matar da ko ranar aurenta keke ta hau. Ta ratsa mutanen da suka cika ƙofa, ta shigo da takalmi a ƙafa, ta tsaya tana kallonsa. Ta kai hannu ta taɓa kunnensa, ta ji da ɗumi, sannan ta murɗe shi da kyau. Ta juya ta yaye labule. Layin gaba ɗaya yana tsaye a waje, wasu da kek a hannu, suna kallon mamaci yana sosa kunne.

Renske ta sauko da kwali daga kan kabad, ta ajiye a kan tebur.

Hidde bai yi musu ba. Kalma ɗaya aka ce, shi kuwa ya jawo tuta da ƙararrawar coci. Ya zare waya, ya fara naɗe ta a hankali, ya ɗauki ƙyalle yana goge gilashin da babu ko ƙura a kansa. Jirgin na nan a karkace, ruwa na shiga.

Wobbe ya sunkuya yana kallo. "Da wuri ka juya. Iska na bugunka ta hagu, sai ka bari ta kai ka. Wa ya koya maka tuƙi?"

"Babu ruwanka."

"Shekara talatin kana kallon mutane suna yi, ba ka ɗauki komai ba." Ya ƙara matsowa, hancinsa har yana taɓa gilashi. "Kai, dubi ruwan nan. Kamar ka sa hannu." Ya murza hularsa. "Siton bayan gidana babu taga. Akwai wuta, intanet ma tana kai."

Renske, da ta riga ta buɗe bakin kwali, ta tsaya.

"Daga ƙarfe nawa zuwa nawa?"

Wobbe ya kalli Geeske. Geeske ta kalli Renske. Matan nan biyu suka yi wata magana da ido wadda babu namijin da aka gayyata.

"Tara zuwa biyar," in ji Geeske. "Su biyun."

Renske ta juya kwalin, ta taka shi da ƙafa har ya kwanta, ta jingina shi a bakin ƙofa wurin tsofaffin takardun da ake kwashewa ran Laraba. Ta ce tunda an riga an gasa kek, kowa ya shigo, za ta ɗora kofi. Hidde ya ci yanka biyu na kek ɗin mutuwarsa, ya ce wa mai gasawar ya ɗan bushe, nan gaba ta ƙara man shanu.

Yanzu in ka bi layin ƙarfe tara saura biyar za ka gan shi yana tsallaka titi, laftof a hammata, caja a ɗaya hannun tana rinjayarsa gefe. Har titi ake jin fankoki, ana jin Wobbe yana cewa hagu, hagu, kai kurma ne? Jirage sun rage nutsewa. Amma sha biyu na bugawa, ko ana tsakiyar guguwa, ko Wobbe ne ke riƙe da tuƙi, Hidde zai miƙa yatsa ya tsayar da wasan, igiyar ruwa ta daskare a sama, ya buɗe burodinsa da cuku. Wobbe ya zauna yana kallonsa har ƙarfe ɗaya.