Takwaran Baba a Cikin Na'ura

Shekarar da ƙafafun Baba suka fara kumbura, ni na kai shi babbar likita, wato babban asibiti, ta Dogon Dutsi. A ƙauyenmu, can wajen Geceme, akwai ƙaramar likita, kuma majo, wato babban ma'aikacin jinyar da ke riƙe da ita, ya ce mana kada mu wahalar da kanmu da ɗaukar takardu. An kawo na'ura yanzu, in ji shi, duk abin da aka taɓa rubutawa a kan maras lafiya ta cikinta yake bi, zai ma riga mu isa. Baba bai so wannan magana ba. Ya ce a saninsa, labarin da ke riga mai shi shiga gari ba ya zama na alheri.

Mun fito da sassafe, muka isa da hantsi. Da layi ya zo kanmu, wata lokotoro matashiya, mai duba marasa lafiya, ta karɓe mu da fara'a. Ta tambayi sunan Baba da na mahaifinsa da ƙauyenmu, tana dannawa. Sai hannunta ya tsaya. Ta dubi Baba, ta dubi na'ura, ta sake dubansa. Ta kira wani abokin aikinta suka yi magana ƙasa-ƙasa da Faransanci. Na yi lakwal, wato makarantar boko, daidai gwargwado, don haka na tsinci kalmar mutuwa.

"Ɗiyata, mi sunka ce?" in ji Baba.

Ita lokotoron ce ta matso, ta rage murya.

"Baba, ka yi haƙuri. A nan an rubuta cewa mai sunan nan ya rasu yau da safe."

Baba ya cire hularsa ya ɗora a gwiwa, ya yi salati. "Takwarana ne," ya ce.

Akwai ɗan gwaggonsa, sunan kaka ɗaya aka sa musu, iyayensu maza ma suna ɗaya. Tare suka yi kiwo, gonakinsu na jingine da juna. Shi ciwon suga yake fama da shi, Baba kuwa hawan jini. Mun baro takwaran kwance a ƙaramar likita, Baba har ya leƙa ya ce masa sai ya dawo.

Lokotoron ta kira majo a waya. Rezo, wato layin waya, yana ta yankewa, tana "alo, alo", mu kuma muna zaune muna kallon bakinta. Da magana ta daidaita, majo ya tabbatar da rasuwar, ya ce bayanan mutanen biyu ne suka haɗe wuri ɗaya. Na ji ta tambaye shi tun yaushe. Ban ji amsar ba, amma na ga yadda fuskarta ta sauya. Ta ce in zazzage mata duk magungunan da Baba ke sha. Ta jera su a tebur, ta ware wasu gefe, ta jefa a aljihun rigarta.

"Waɗannan kada ya ƙara shan su," ta ce.

Na tambaye ta ko na mamacin ne aka riƙa ba shi. Ta ce sai an bincika. Tambayar da ke bayan wannan, wato me aka riƙa ba shi mamacin, ban yi ta ba.

Sun so su kwantar da Baba, ya ƙi. Ya ce ba za a kai ɗan'uwansa makwancinsa shi yana kan gado ba. Muka ɗauki kabu-kabu zuwa tasha, amma kafin mu isa gida an riga an rufe mamacin.

Daga baya an raba bayanan, an ba Baba lamba tasa, kumburin ma ya sauka da sabon magani. Sai dai bai sake shiga gonar da ke kusa da ta takwaran nasa ba, ya bar wa ƙannena. Matar mamacin takan zo gaishe shi, tana yi masa barka da samun sauƙi. Har yau ban gaya mata abin da na gani a teburin nan ba, don ni ma ban san iyakarsa ba.