Rabin Fuskar Baba Yakubu

Ku da kuka zo shagon nan kwanan nan kuna tsammanin aikinmu danne-danne ne kawai, ku saurara. Ranar da Mama Saratu ta zo daga Manchok har yau ba ta bar raina ba.

Damina ce, ina kan teburin zane a shagonmu na yankan ƙarfe a Kafanchan. Ta kwance bakin zani ta fito da hoton mijinta, Baba Yakubu, wanda ya rasu bara. Ranar Lahadi za a yi sujadar tunawa da shi a coci, kuma tana so a yanka fuskarsa a allon ƙarfe a kafa a kabarinsa. Hoton ke nan guda da ya rage, kuma ruwan yoyon ɗaki ya cinye gefen hagu, daga ido har haɓa.

Ga wanda bai sani ba, injin yanka ba ya ganin hoto, layi kaɗai ya sani. Sai na ɗora hoton a kwamfuta, in bi gefen fuska ina dasa ɗigo bayan ɗigo, ina lanƙwasa layin har ya koma inda ya faro. Layin da bai haɗe ba, ƙarfen ba zai fita ba.

Gefen dama bai ba ni wahala ba. Da na iso inda ruwa ya ci, sai na tsaya. Oga Danladi, mai shagon, ya ce in kwafi dama in juya shi hagu a wuce wurin. Na yi. Mama ta duba ta ce, "Wannan ba mijina ba ne. Bakin shi yana ɗan karkace."

Na jawo mata kujera kusa da ni. Na ce, "To Mama, ki nuna mini, ni zan ja."

"Ɗana, ka sauke ɗigon nan ƙasa kaɗan." Na sauke. "A'a, ka mayar." Na mayar. Haka muka yi ta fama da ɗigo ɗaya a gefen baki har cikina ya fara kukan yunwa, raina ya fara ɓaci. Can sai na ga ta daina nuna allon kwamfutar. Ta ɗora hannu a ka.

Ta ce a hankali, "Tun ina yarinya nake kallon fuskan nan. Yanzu na rufe ido, ban gan shi ba."

Wallahi da ba mu sa ta nema ba, da ta koma gida tana ganin tana riƙe da fuskarsa a zuciya.

Suna da gicciye kawai muka yanka mata. Ta yi godiya, ta ɗaure hoton a bakin zani, ta tafi neman motar Manchok.

Abin da na koya shi ne, injin nan ba ya karɓar "wataƙila", mutane kuwa da ita suke rayuwa. Zanen yana nan a kwamfuta, layin hagu a buɗe. Kada wanda ya haɗe shi.