Zanzaro ya tare a na'urar awona

Sau uku ina sauke na'urar da ke auna ƙarfin tururi a injin shinkafar da nake aiki a Gummi, amma ta ƙi komawa sifili. Ba a hura tukunyar tururi sai na tabbatar awon daidai yake, ga shinkafar da aka jiƙa tun jiya tana shirin yin tsami.

Na buɗe littafin aikina na sake bin matakan ɗaya bayan ɗaya. Kamar kullum, kaina na fara zargi.

Sai Baba Altine mai gadi ya leƙo.

"Malam, ka duba ɗan ramin ga na ƙasa?"

"Baba, wannan ai na shan iska ne kawai."

"To, kwana ukku zanzaro na kai laka ciki. Ni na aza kai ka ba shi masauki."

Na sa tsinke na zaƙulo lakar, sai ga sifili ya zauna daram. Kafin azahar tururi ya tashi, shinkafa ta tsira.

Yau na ƙara layi a saman littafin: a fara tambayar Baba Altine.

Ku fa, wa ya taɓa ganar da ku abin da takarda ba ta faɗa ba?