Ɗakin da Kowa Kurma Ne

Har gobe ban manta da Talatar da aka ɗauke ni daga ɗakin injina ba. Shekarata goma sha tara ke nan ina makanike a wani kamfanin saƙa tabarmar roba a Sharaɗa. Ga wanda bai sani ba, a ɗakin nan ba a magana da baki, ƙara ba ta bari. Da hannu ake yi: yatsa a wuya zare ya tsinke, dunƙule hannu a kashe inji. Har gulmar manaja da gira muke yi.

Shi ya sa na kai shekara biyu jina yana raguwa ba wanda ya gane. A ciki ni ne sarkin hira. Sai an fita wajen mai shinkafa da wake nake zama bare, in ga bakuna na motsi, in yi dariya idan na ga ana yi.

Ranar gwajin kunne asirina ya tonu. Likitar kamfani ta ce in ɗaga hannu duk sanda na ji ƙara, na riƙa ɗagawa da ka. Ta duba katina ta ga ciwon suga. Sai ta zana min a takarda: can cikin kunne akwai wani abu kamar katantanwa, da suga yake aiki, kuma akwai wasu ƙananan 'yan dako masu shigar masa da shi daga jini. Idan ciwon ya daɗe hanyar kan lalace, ga suga jingim a jini, kunne na fama da yunwa. Ƙarar inji kuma tana ƙarasa ɓarnar. Ta ce dole a raba ni da ƙara don a ceci abin da ya saura.

Shugaban sashenmu, Malam Habu, ya samo min wuri a sito, ga fanka ga kujera, shiru kamar an yi mutuwa. A ganinsa gata ya yi min.

Na ce, "Ranka ya daɗe, a can kowa kurma ne. A nan ni kaɗai ne."

Ya ɗauka zolaya ce, ya dafa kafaɗata ya fita.

Shekara uku na yi a siton kafin ritaya. Ba wanda ya cuce ni, ɗan jin da nake lallaɓawa yau albarkacin likitar ne. Amma kaɗaici ya ci ni. Ku masu tasowa, idan kun ɗauke mutum daga aikinsa don lafiyarsa, ku riƙa leƙa shi. Ni a waɗancan shekarun, kullum kafin in tafi gida sai na tsaya a tagar ɗakin injina, ina jiran wani ya ɗago kai ya yi min magana da hannu. Wata rana a ɗago, wata rana ba a ɗagowa.