Fuskar da Baffa Ya Nema

Baffa, ƙanen mahaifina, ba da sassaƙa ya fara ba. Kafinta ne a shagon mahaifina, shi ke fere ƙafafun kujeru a lungun bayan injin yanka katako, inda garin katako ke kaiwa har idon sawu.

Matarsa ta rasu 'yarsu tana rarrafe, ba ta bar hoto ko ɗaya ba, don ita da an ɗaga kyamara sai ta rufe fuska da gyale. Da yarinyar ta fara wayo, kullum tambayarta yaya kamannin uwarta suke. Baffa ya kwatanta da baki har ya gane shi ma fuskar ta fara ɓace masa. Abin da ya sa ya ɗauki kurfin sassaƙa ke nan, don ya fito mata da fuskar.

Ya samo gungumen itace ɗanye, saboda ya fi laushi, yana aiki a kai bayan an tashi daga aiki. Kuma ya dace, duk wanda ya leƙa sai ya ce ita ce sak. Amma Baffa mutumin busasshen katako ne, bai san halin ɗanye ba. Don gaggawar nuna wa 'yarsa, ya ajiye shi a rana ya bushe. Itacen ya tsage daga goshi har haɓa.

Mahaifina bai tausaya ba. Ya ce shagonsa ba ɗakin gumaka ba ne, masu sayen gado sun fara ƙorafi. Sauran ma'aikata kuwa suka laƙaba masa "Angon Gungume". Baffa ya kwashe kayan aikinsa ya koma wani kango kusa da masu fasa dutse, ya ce shi dai dutse rana ba ta tsaga shi.

Shekaru ya yi a can. Yatsunsa suka kangare, tari ya kama shi. Fuskokin da bai gamsu da su ba yakan jera su a bakin kangon, masu wucewa a mota suka fara tsayawa suna saye. Haka sunansa ya fita, da abin da shi yake ganin shara ne.

Da ya gama wadda ya yarda da ita, 'yar ta riga ta shiga sakandare. Ni na raka su wurin surukarsa, uwar marigayiyar, don ta tabbatar. Tsohuwar ta shafa kumatun dutsen ta daɗe, ta yaba santsinsa.

"Kai, ɗan nan, hannunka da kyau," in ji ta. "Wace ce?"

'Yar ta dubi ubanta tana jira. Baffa ya naɗe dutsen a buhu, ya tambaye ni ko zan iya kama masa gefe ɗaya, don ƙirjinsa ba ya son nauyi.